Mutunci a Matsayin Salon Wasa: Nazari a kan Cicely Tyson

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu dubi aikin Cicely Tyson, 'yar wasan kwaikwayo ta Amurka wadda aka haifa a birnin New York a 1924, ta rasu a 2021. Tambayar da muke son tayarwa ita ce: me ɗan wasa yake samu, me kuma yake rasawa, idan ya ɗaura aniyar ba zai fito ba sai a matsayin mutumin kirki?

Kafin a gane matsayinta sai an san irin gurbin da silima ta keɓe wa baƙar mace a Amurka. Lokacin da Hattie McDaniel ta sami lambar Oscar a 1940, fitowar baiwa mai renon 'yar ubangidanta ta yi. Daga farkon shekarun 1970 sai aka koma finafinan bindiga da daba, inda mace take fitowa don a kalli jikinta. Tyson ta ƙi duka biyun, ta gwammace zaman jira, ko da kuwa zai kai ta shekaru ba aiki.

Amfanin wannan ƙi ya bayyana a fim ɗin Sounder na 1972. Ta fito a matsayin Rebecca, matar wani manomin haya a Louisiana wanda aka ɗaure saboda satar nama don ciyar da iyalinsa. Maganarta kaɗan ce ƙwarai a wasan. Fuskarta a rufe take duk sa'ad da take gaban mai kanti ko ɗan doka, wato irin kamun kan da talaka ke yi gaban wanda ya fi ƙarfinsa. Saboda ta daɗe tana danne zuciyarta, ranar da ta hango mijin tafe yana ɗingishi, ta sheƙa a guje, sai gudun ya faɗi duk abin da bakinta ya ɓoye. A ganinmu nan ne ƙwarewarta take, watau ta san yadda za ta tara abu kafin ta sake shi.

Haka ta yi a The Autobiography of Miss Jane Pittman na 1974, wanda ya ba ta lambar Emmy biyu. Tsohuwa ce mai shekara 110, an haife ta cikin bauta, ta dogara sanda ta taka har bakin famfon da aka keɓe wa fararen fata, ta sunkuya ta sha. Ya kamata a lura cewa littafin Ernest Gaines bai kai ta famfon ba, masu fim ne suka ƙara. Amma sannu-sannun da ta yi tafiyar ya sa ƙarin ya zauna daram.

To, sai dai ba za mu ɓoye ba, wannan hanya ta zame mata shinge. Daga Binta, mahaifiyar Kunta Kinte a Roots na 1977, zuwa Harriet Tubman da Coretta Scott King a 1978, kusan mace ɗaya ake nuna mana, mai haƙuri, mai ɗaukar wahalar jama'a, wadda ba ta ƙarya ba ta son kai. Masu shirya fim sun daina neman 'yar wasa, suna neman alama. Har ila yau, a 2011 ta fito a The Help a matsayin Constantine, mai aikin gida da ta reni 'yar fararen fata. Ta yi wasan da kyau, amma gurbin McDaniel ne bayan shekara saba'in, an dai yi masa kwaskwarima.

Abin sha'awa shi ne dandamali bai taɓa yi mata wannan ƙunci ba. A 1961, cikin wasan The Blacks na marubucin Faransa Jean Genet, karuwa ta fito, kuma wasan ne ya fara fito da sunanta. A 2013, bayan shekara talatin rabonta da Broadway, ta karɓi matsayin Carrie Watts a The Trip to Bountiful na Horton Foote, matsayin da fararen 'yan wasa irin su Lillian Gish da Geraldine Page suka riƙe kafin ta. Carrie tsohuwa ce mai taurin kai, tana ɓoye takardar kuɗin fanshonta, tana tanka wa matar ɗanta, ta sulale daga gida don ta ga garinsu kafin ta mutu. A nan masu kallo suka yi dariya da Tyson, abin da silima ta daɗe tana hana su. Tana da shekara 88 aka ba ta lambar Tony a kan wannan wasa.