Masu Auna Banki Kafin Ranar Wuya

Bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, 2008, yana riƙe da kadarorin da suka ninka jarinsa kusan sau 30. Wato a kowace dala 30 da yake juyawa, ɗaya ce kawai tasa, sauran kuɗin mutane ne. Wanda ke cikin wannan hali, da zarar darajar kayansa ta sauka da kashi 4 cikin ɗari, jari ya tafi, sai tulin bashi.

A babban bankin ƙasa akwai ma'aikatan da sana'arsu ita ce hango irin wannan rana tun ba ta zo ba. Gwajin juriya ake kiran aikin, kuma ina ganin yana cikin ayyukan da suka fi buƙatar kaifin hankali a harkar kuɗi. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Su kuwa waɗannan a kan takarda suke ƙarar da miyar, su ga wa zai iya ci.

Da farko sai su tsara masifar. Nan ake fara gane gwani, domin in ta yi sauƙi kowa zai haye, in ta wuce hankali bankuna za su ce tatsuniya ce. A 2023 Babban Bankin Amurka ya ɗauka cewa rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin ɗari, farashin gidaje ya faɗi da kashi 38, na gine-ginen kasuwanci da kashi 40. Daga nan sai a bi littattafan kowane banki: masu bashi nawa ne za su kasa biya, nawa za a samu in an sayar da jingina a kasuwar da babu mai saye, riba nawa za ta shigo ta rage zafin asara, har tsawon wata 27. Bankuna 23 aka gwada a wannan shekara, asarar da aka ƙiyasta ta kai dala biliyan 541, kuma duk suka tsira da jarin da doka ta nema.

Sai dai inda gwanintar ta fi burge ni shi ne wurin awo. Ma'auni biyu ne. Na farko yana ba kowace kadara nauyi gwargwadon haɗarinta, har takardun lamunin gwamnati sukan tashi babu nauyi ko kaɗan. Ma'auni ne mai wayo, amma banki mai wayo yana iya zagaye shi. Na biyun ba ruwansa da wannan: ya ɗauki jarin banki na ainihi ya raba da duk abin da bankin ya ɗauka, har da alkawuran da ba su shiga babban littafi ba. Ƙa'idar bankuna ta ƙasa da ƙasa, wato Basel ta uku, ta ce kada ya gaza kashi 3 cikin ɗari. Ƙwararren mai bincike yana ajiye su gefe da gefe, kuma duk inda ya ga na farko ya yi kyau na biyu ya rame, nan zai tsaya ya tona.

Turai ta ga abin da sakaci da wannan ke jawowa. Bankin Dexia na Beljiyam da Faransa ya haye gwajin Yulin 2011 da maki mai kyau, ga shi kuwa ya tara takardun lamunin ƙasashe irin su Girka da Italiya a kan jari ɗan kaɗan. Zuwa Oktoba sai da gwamnatoci suka ceto shi.

Gwajin Amurka na 2009 kuwa ya yi aiki ne saboda an faɗi gaskiya a fili. Cikin bankuna 19, an ce 10 su nemo ƙarin jari na kusan dala biliyan 75, aka buga sunan kowa da giɓinsa, kuma hankalin kasuwa ya fara kwanciya. A shekarar ce a Najeriya binciken Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya bankaɗo ruɓaɓɓen bashi, aka sauke shugabannin wasu bankuna, aka zuba naira biliyan 620 don kare masu ajiya.

Gwajin ba duba ba ne, abin da aka tambaye shi kaɗai yake amsawa, shi ya sa ingancinsa ya rataya a kan wanda ya tsara tambayar. Kai mai ajiya, in bankinka ya fitar da rahoton shekara, kada ka tsaya a shafin riba. Nemi inda aka rubuta jarinsa, ka gwada da jimillar kadarorinsa.