BABI NA HUƊU: GWAMNATIN TAFAWA ƁALEWA A MADUBIN SHAIHU UMAR, NAZARI DAGA ƘANƘARA DA FASKARI DA SABUWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin zubi da tsarin littafin Shaihu Umar da kuma salon sarrafa harshen marubucinsa. A wannan babi kuwa za a ɗauki jigon littafin a auna shi da tarihin gwamnatin da marubucin ya shugabanta daga 1957 zuwa 1966. Dalilin yin haka shi ne, a cikin marubuta ƙagaggun labaran Hausa na farko, Abubakar Tafawa Ɓalewa ne kaɗai ya kai ga riƙe ragamar ƙasa baki ɗaya. Saboda haka an sami damar duba abin da mutum ya rubuta a kan mulki da zalunci yana saurayi, sannan a duba abin da ya aikata bayan mulkin ya shigo hannunsa. An zaɓi ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta zama ma'auni, domin darajar kowace gwamnati ana ganin ta ne a wurin talakan da ya fi nisa da fadarta.

4.1 Taƙaitaccen Tarihin Gwamnatin

An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauchi a 1912, ya kuma yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina daga 1928 zuwa 1933. Shi ne mataimakin shugaban jam'iyyar NPC, wadda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello yake jagoranta, jam'iyyar da aka sani da ra'ayin riƙau da kuma kusanci da sarakuna. Ya zama Firayim Minista a 1957. Bayan zaɓen watan Disamba na 1959, NPC ta haɗa gwiwa da NCNC suka kafa gwamnatin da ta karɓi 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960.

A fagen hulɗa da ƙasashen waje gwamnatin ta taka rawar gani. Ta aika da sojoji Kwango a 1960, ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin makamin nukiliya a Sahara, ta soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a 1962, sannan tana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a 1963. A cikin gida an fara aikin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, an kuma kai hanyar jirgin ƙasa Maiduguri a wannan shekara.

Amma fa shekarun ba su wuce lami lafiya ba. An kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962, aka ɗaure Obafemi Awolowo a 1963. An soke ƙidayar 1962, ta 1963 kuma ta bar baya da ƙura. Ƙasar Tibi ta yi bore a 1960 da 1964. Ƙawancen UPGA ya ƙaurace wa zaɓen tarayya na Disamba 1964 a wurare da dama, zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 kuwa ya jawo ƙone-ƙone da kashe-kashe. Ranar 15 ga Janairu, 1966 wasu sojoji suka kifar da gwamnatin, Firayim Minista ya rasa ransa, aka binne shi a Bauchi.

4.2 Yadda Littafin Ya Kalli Zalunci

An rubuta Shaihu Umar ne domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, a lokacin marubucin bai wuce shekara ashirin da ɗaya ba. Kamar yadda aka nuna a babi na uku, labarin cike yake da zalunci. Fadawan Sarkin Kagara sun ƙulla wa Makau sharri har aka kore shi daga gari. An sace Umar yana ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa ta fita neman sa, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta ƙetare Sahara cikin ƙangin bauta, ba ta sake ganin ɗanta ba sai gab da rasuwarta.

Abin lura a nan shi ne inda marubucin ya ɗora laifi. A ko'ina cikin littafin, laifin na wani mugun mutum ne: bafade mai hassada, ko ɓarawon yaro, ko mayaudari. Samamen da Sarkin Kagara yake tura mutanensa su kai ƙasar Gwari don kamo bayi an ba da labarinsa ne kamar wata sana'a ta yau da kullum. Sarkin da ya kori Makau ba a nuna shi a matsayin azzalumi ba, an nuna shi ne a matsayin wanda miyagun fadawa suka ruɗa. Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da Umar ƙasar Masar, fataucin bayi yake yi, duk da haka shi ne mutumin kirkin da ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi a hanyar ilimi. Ke nan littafin ya ji tausayin bawa matuƙa, amma bai tuhumi kasuwar da ake sayar da shi ba.

Maganin da littafin ya bayar kuwa shi ne haƙuri da ilimi da dogaro ga Allah. Makau bai ɗaga murya ba, ya karɓi hukunci ya tafi. Umar bai nemi fansa ba, ya zama malami ya zauna a Rauta yana karantar da ɗalibai. Wannan shi ne ginshiƙin ra'ayin riƙau a cikin littafin: tsarin da aka gada ba a rushe shi, ana dai fatan ya faɗa hannun mutanen kirki.

4.3 Daga Alƙalami Zuwa Kujerar Mulki

Ba daidai ba ne a ce Tafawa Ɓalewa bai ga aibin tsarin da ya taso a ciki ba. A watan Agusta na 1950 ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Jihar Arewa yana neman a binciki tsarin mulkin En'e, ya kuma soki cin hanci da yadda iko ya taru a hannun sarki shi kaɗai. A wannan watan ne kuma aka kafa NEPU a Kano. Ɓangarorin biyu sun hango ciwo ɗaya, sai dai sun sha bamban wajen magani. NEPU ta su Malam Aminu Kano ta ce matsalar tana cikin ginin ne, tsakanin masu sarauta da talakawa. Shi kuwa Tafawa Ɓalewa gyara ya nema, kuma gyaran da ya biyo baya a farkon shekarun 1950 shi ne aka ɗaura wa sarki majalisa, ya zamana yana zartar da hukunci tare da ita. An rage kaifin wuƙar, amma tana nan a hannun mai ita.

Idan aka duba yadda ya tafiyar da rikice-rikicen gwamnatinsa za a ga irin wannan hali. Bayan zaɓen 1964 an yi kwanaki ana zaman ɗarɗar tsakaninsa da Shugaban Ƙasa Nnamdi Azikiwe, daga bisani aka sasanta a tsakanin manya, aka faɗaɗa majalisar ministoci, ba tare da an taɓa tushen rigimar ba. A 1965 da Jihar Yamma ta kama da wuta bai kafa dokar ta-ɓaci ba, alhali ya kafa ta a 1962 a kan rikicin da bai kai wannan muni ba. Masu suka sun danganta wannan da cewa a karo na biyu Firimiya Akintola abokin ƙawancen NPC ne. A watan Janairu na 1966 yana karɓar baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas a kan batun Rodeshiya, kwanaki kaɗan kafin juyin mulki. Haƙurin da ya ƙawata Makau da Umar a cikin labari, a hannun shugaba mai iko ya koma jinkiri.

4.4 Fuskar Gwamnatin a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Katsina ba ta kasance bare a wannan mulki ba. Musa 'Yar'aduwa shi ne Ministan Harkokin Legas a gwamnatin tarayya, Isa Kaita kuma Ministan Ilimi na Jihar Arewa, a yayin da Sarki Usman Nagogo yake kan gadon sarauta tun 1944. Sai dai dukkan waɗannan 'yan birni ne da arewacin masarauta. Manomin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, wanda yake can kuryar kudu maso yamma a bakin daji, ba Legas ya sani ba. Gwamnatin da ya sani ita ce mai unguwa da dagaci da hakimi, kamar Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, sai kuma alƙali da ɗan doka da gidan yarin En'e.

Ta hanyoyi uku wannan manomi yake haɗuwa da hukuma. Na farko haraji, wanda ake bi gida gida, da jangali da ake karɓa a kan shanun Fulani. Na biyu auduga. Wannan yanki yana cikin ƙasar noman audugar da ake kaiwa Funtuwa, inda akwai injin gurzar auduga da tashar jirgin ƙasa, amma farashin ba manomi ne yake yanke shi ba, Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ce, wadda take riƙe rarar kuɗin don ayyukan gwamnati. Na uku zaɓe. Maza ne kaɗai suke jefa ƙuri'a a Arewa a duk tsawon Jamhuriya ta Farko, kuma izinin taron siyasa yana hannun En'e, kotun da za ta hukunta wanda ya yi taro ba izini ita ma ta En'e ce. Sanannen abu ne a tarihin Arewa cewa 'yan NEPU da dama sun sha ɗauri ta wannan hanya.

Mai kare gwamnatin zai ce, bisa tsarin mulkin wancan lokaci, En'e da haraji da cinikin amfanin gona duk suna hannun Kaduna ne, ba Legas ba. Wannan gaskiya ne. Amma rinjayen da Tafawa Ɓalewa yake da shi a Majalisar Wakilai ya dogara ne a kan kujerun Arewa, waɗanda suka zarce rabin majalisar, su kuma kujerun da ƙarfin En'e ake cin mafi yawansu. Saboda haka ba za a raba gwamnatin tarayya da hakimin da ya tara mata ƙuri'a ba. Kamar Abdulkarim, ita ma ta yi alheri daga cikin tsarin da ba ta tuhuma ba. Sai bayan faɗuwarta ne gwamnatin soja ta ƙwace 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, haraji da jangali kuwa sai a 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke su a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina take cikinta har zuwa 1987.

4.5 Iyakar Wannan Kwatance

Wajibi ne a yi taka-tsantsan, domin ƙagaggen labari ba manufar jam'iyya ba ne. Wanda yake magana a littafin Shaihu Umar ne, dattijon malami na ƙarni na goma sha tara, kuma da marubucin ya sa masa kalaman 'yan sawaba a baki, da ya ɓata tauraron nasa. Har ila yau, wahalar mahaifiyar Umar ita kaɗai ta isa tuhuma ga duk mai karatu mai zuciya, ko da marubucin bai fito fili ya yanke hukunci ba. Daɗin daɗawa, an shaidi Tafawa Ɓalewa da gudun duniya, bai bar dukiyar a zo a gani ba, wannan ne ma ya sa har yanzu dattawa suke ambaton zamaninsa da alheri.

To amma wannan shaida ita ce take ƙara tabbatar da abin da ake faɗa. Kirkin shugaba abu ne da yake tafiya da shi kabari. Abin da yake saura shi ne makaranta da hanya da kotun da talaka zai kai ƙara ba tare da tsoro ba. Ranar 11 ga Disamba, 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, a watan Fabrairu na 2021 kuma aka yi irin haka a Kagara ta Jihar Neja, garin da yake ɗauke da sunan mahaifar Umar. Ba za a ɗora alhakin wannan a kan gwamnatin da ta faɗi tun 1966 ba. Duk da haka, ɗalibin wannan yanki da ya karanta labarin uwar da ta bi sawun ɗanta da aka sace ba zai ɗauke shi tatsuniya ba, kuma yana da haƙƙin ya tambayi ko haƙuri kaɗai ya isa amsa.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an kawo taƙaitaccen tarihin gwamnatin Tafawa Ɓalewa, an kuma nuna cewa littafin Shaihu Umar da wannan gwamnati sun yi tarayya a kan abu guda, wato ɗora laifin zalunci a kan miyagun mutane tare da barin tsarin da ya ba su dama. Wannan ra'ayi ya haifar da labari mai natsuwa da shiga zuciya, ya kuma haifar da shugaba mai kamun kai. A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa, ya bar talaka a hannun hukumar da ya tarar tun zamanin Turawa. A babi na gaba za a duba yadda mawaƙan siyasa na NPC da NEPU suka kalli wannan gwamnati, domin a ji ta bakin waɗanda suka yabe ta da waɗanda suka kushe ta tun tana kan mulki.