Aku Malami: Duba ga Littafin Magana Jari Ce

In yaro ya haddace karatu sarai, aka tambaye shi ma'ana ya yi tsuru-tsuru, akan ce karatun aku ya yi. Abin mamaki kuwa, sa'ad da Abubakar Imam ya nemi malami mafi hikima da zai sa cikin littafinsa, wannan tsuntsu ya ɗauko. A Zariya ya rubuta Magana Jari Ce a shekarar 1936, yana ɗan shekara 25, aka buga shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939 domin ƴan makaranta. Ya daɗe da ƙetare iyaka, an san shi a Maraɗi da Damagaram kamar yadda aka san shi a Katsina. Galibi don dariya da daɗin Hausa ake karanta shi, amma ga mai koyar da yara akwai wata tambaya a ciki: wane irin hali ne ke sa mutum ya koyi abu har ya zama nasa?

Littafi na ɗaya a kan jinkiri aka gina shi. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuwa yana ƙulla masa makirci, so yake yaron ya fita a halaka shi. Kowane dare Musa yakan zo da shirin fita, aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Musa ba dolo ba ne, gaggawa ce ciwonsa: abin da ya ji da fari shi ne gaskiya a wurinsa, bai tsaya ya ce wa ya aiko da saƙon nan ba, don me kuma. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san irin wannan yaro, mai ɗaga hannu tun ba a gama tambaya ba. Aku bai ƙara masa ilimin yaƙi ko kaɗan ba. Abin da ya yi masa shi ne ya sa dare ɗaya tsakanin jin magana da aikata ta, ya kuma yi ta maimaita haka. A nan Imam ya yi daidai ƙwarai, gama hankali ba ya aiki sai an ba shi wuri.

Amma littafi na uku ya fi amfani ga malami. A can aku, wanda ya riga ya zama waziri, yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar ba da labari. Ɗan yakan saurara, sa'an nan a sa shi ya kawo nasa, uban ya nuna masa inda ya kasa. Watau kwaikwayo ƙofa ce ta shiga, ba ɗakin kwana ba. Fasih kuma yana da halin da manya da yawa suka rasa: ana gyara masa, yana komowa. Bai ɗauki gyara a kan zagi ba.

Imam da kansa haka ya yi aikinsa. Yawancin labarun ba shi ya ƙago su ba. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus, da na Indiya. Tsarin aku mai hana fita da dare ma tsohon labarin Indiya ne, inda matar wani fatake ce ke son zuwa wurin kwartonta. Imam ya mai da ita ɗan sarki mai ɗokin yaƙi. Mai busa sarewar nan na Jamus da ya kwashe ɓeraye daga gari, daga baya ya kwashe yara, ya komo Sarkin Busa, har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka yi abin. Wanda bai gane labari ba ba ya iya canja masa riga haka. Wannan shi ne gwajin fahimta mafi sauƙi, ba ya kuwa bukatar kuɗi ko allo.

Sai a gwada shi a kan yaran yau. Ɗan lakwal yakan miƙe ya zuba tatsuniyar hankaka da dila ta La Fontaine da Faransanci, ba tuntuɓe, mushe ya yaba. A ce ya faɗa wa kakarsa da Hausa abin da ya sami hankakan, sai ya sunkuyar da kai. Ajin baftisma ma bai kuɓuta ba: ana yin tambaya, amsa na fitowa da murya ɗaya kamar waƙa, amma in aka juya tambayar ta wata fuska sai ɗaki ya yi tsit. Hadda ba laifi ba ce, rumbu ce, mai rumbu kuwa ba ya kwana da yunwa. Sai dai hatsin da ba a sussuka ba, ba a daka ba, ba ya zama tuwo.

Duk da haka littafin yana da aibi, bai kamata ƙaunar da ake yi masa ta rufe shi ba. Sau da yawa yana gama hankali da wayo kamar abu ɗaya ne. Kalalatu ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, ta yi wa baƙon ƙarya, ta yi wa mijinta wata, ya bi shi a guje da wuƙa a hannu. Labarin yana da ban dariya, ba musu, amma yaro yakan tashi da ganin cewa mai kaifin kai shi ne wanda ya fita daga rami ko ta wace hanya. Kaifin kai da son gaskiya ba tagwaye ba ne, malamin da ya karanta wa yara wannan labari kuwa sai ya tsaya ya raba musu su.

Aibi na biyu ya fi nauyi. A makarantar aku, magana daga sama take saukowa. Almajiri yana saurare, yana maimaitawa, yana karɓar gyara, amma ba shi ne mai tono da tambaya ba. Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san wani hali dabam: an yabi mutanen Biriya domin sun karɓi wa'azin Bulus, suna kuwa bin Littattafai kowace rana su ga ko haka ne; Luka kuma ya nuna Yesu yana ɗan shekara 12 a Haikali, yana sauraron malamai, yana yi musu tambayoyi. Aku ya ceci ran Musa, gaskiya ne, amma da dabara ya riƙe shi, kamar yadda ake riƙe jariri da wasa kada ya taɓa wuta. Bai koya masa ya binciki saƙon da ake kawo masa ba. Da Musa ya zauna dare ɗaya ya tambayi aku dalilin da ya sa labari ba ya tasowa sai ya zo sallama, da littafi na ɗaya bai kai rabin tsawonsa ba. Watakila shi ya sa Imam bai bar shi ya tambaya ba.