Rawa Ba Makaɗi

Tun ina yaro nake son rawar gargajiya, shi ya sa wasannin da ƙungiyoyinmu na lakwal ke yi a Agye, Gazawa da Gidan Rumji suke damuna. Kaya sun yi kyau, sawu ya daidaita, amma kiɗan daga waya yake fitowa. To, ina makaɗi? A dandali, mai kalangu ƙafar yarinya yake kallo. In ta sauya taku ya bi ta, ya kira sunanta da kiɗa, a yi liƙi. Waya kuwa ba ta san kowa ba. Samariyar zamanin Kunce, 1974 zuwa 1987, da makaɗanta take shiga fili. Ƴan uwa, kuɗin hayar lasifikar nan, mu ba makaɗin unguwa. In ya rataye kalangu don yunwa, ɗansa ba zai ɗauka ba.