Yabon Gwani Ya Zama Dole: Al Stohlman da Ɗinkin Allura Biyu

Littattafai biyu ne 'yan sirara, waɗanda in ka haɗa su ba su kai kaurin tafin hannu ba. Wani ɗan'uwana da ke aiki a Texas ya aiko mini da su, don ya san haukata a kan fata. Ni jikan dukawa ne. Na tashi ina jin warin bagaruwa a jikin rigar kakana, ina kallon sa yana ɗinka kube da gafaka da linzami, saboda haka da na karɓi saƙon sai na yi murmushin raini. Me Bature zai gaya mini a kan fata? To, na buɗe na farko bayan La'asar, ban ɗago kai ba sai da aka kira Magariba. Tun daga ranar, duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da ni sai ya sha labarin Al Stohlman.

Na farkon sunansa The Art of Hand Sewing Leather, wato fasahar ɗinkin fata da hannu, ya fito a 1977. Na biyun How to Make Holsters, a kan yadda ake yin kuben ƙaramar bindiga, shi kuma tun 1962 yake yawo a hannun masu sana'a. An haifi marubucin a Kalifoniya a 1919, ya yi aikin soja a tsibirin New Guinea lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a can ne ma ya fara gwada hannunsa a kan fata. Ya rasu a Kanada a 1998, bayan shi da matarsa Ann sun bar wa duniya tarin littattafai, har da wani kundi mai juzu'i uku a kan ƙera sirdi. Tun 1983 ake ba da lambar yabo da sunansa ga gwanayen aikin fata. Amma ko ba ka san ko ɗaya daga cikin wannan ba, shafi guda ya ishe ka ka gane da wa kake magana.

Kai, zanen mutumin nan! Da hannunsa ya zana komai. Ga babban yatsa a inda ya kamata ya zauna, ga allura ta fito, ga 'yar kibiya tana nuna maka inda za ka ja. Ko Turancinka bai wuce na gaisuwa ba za ka iya koyon ɗinki daga littafin nan, domin hotunan ne ke magana. Ka ga malamin da bai taɓa gajiya da ɗalibi ba: ya san daidai wurin da za ka yi kuskure, ya riga ka isa can ya zauna yana jiran ka.

Zuciyar littafin 1977 ita ce ɗinkin da suke kira ɗinkin sirdi. Zare ɗaya ne, allura biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Ka huda fata da tsinke mai kaifi, allurar hagu ta ratsa zuwa dama, ta dama ta ratsa wannan hudar zuwa hagu, ka ja su tare su zauna daram. Haka za ka yi ta tafiya, huda bayan huda. Keken ɗinki kuwa zare biyu yake aiki da su, na sama da na cikin ƙoshiya, suna maƙale juna a tsakiyar fata, haka ma ɗinkin da shumeka ke yi da allurarsa mai ƙugiya. In guda ya tsinke, sauran sai su fara bin sa suna warwarewa. A ɗinkin sirdi kowane ɓangare na zaren yana tafiyarsa ne, yana hawa yana sauka, don haka in ɗaya ya yanke ɗayan na nan riƙe da fatar. Stohlman ya zana waɗannan ɗinkuna biyu kamar an tsaga fatar ana leƙa cikinta. Wallahi da na ga zanen sai da na tafa ni kaɗai a ɗaki.

Ƙananan abubuwan ne ma suka fi kashe ni da daɗi. Yadda za ka kankare ƙarshen zaren lilin da wuƙa har ya yi siriri, ka murza shi da kakin zuma, ka zura a allura, sannan ka soke zaren da allurar kanta don ya kulle kada ya zame. Yadda za ka fara yanka 'yar kwata a jikin fatar, zaren ya kwanta ciki, kada gogayya ta cinye shi. Da wata 'yar ƙaramar taya mai haƙora da ake gungurawa ta bar alamar inda kowace huda za ta zauna, biyar ko shida ko bakwai a inci guda. Allurar ma dakusasshiya ce da gangan, tunda tsinke ya riga ya buɗe hanya, ita bi kawai za ta yi. Kuma tsinken ba a ajiye shi: yana cikin tafin hannun dama tun daga hudar farko har ta ƙarshe. Kwana uku na yi ina sokan yatsa kafin hannuna ya yarda, a rana ta huɗu kuwa sai na ji aikin yana tafiya kamar kiɗan kalangu. In ka kai ƙarshe ba a ƙulli, sai ka koma baya huda biyu ka yanke zaren. Tubarkalla!

Akwai kuma abin da yake kira dokin ɗinki, wani matsi na katako da ke riƙe maka fatar a tsaye don hannuwanka biyu su samu 'yanci. Bai ce ka je ka saya ba, ya zana maka yadda za ka ƙera naka.

Littafin kuben bindiga shi ne ya nuna mini dalilin duk wannan tsanani. Jaka in ɗinkinta ya saki, kuɗi ne za su zube. Kuben bindiga in ya saki, rai ne a kan layi. Aiki huɗu ake nema wurinsa, kuma suna karo da juna: ya riƙe bindigar gam ko mutum na gudu, ya sake ta nan take in an zaro, ya kare kunamar kada wani abu ya taɓa ta, bakinsa kuma ya tsaya a buɗe don a mayar da ita ba tare da lalube ba. Layin ɗinkin ne ke yanke hukuncin duk wannan. Ka matsa shi kaɗan ciki, bindiga ta ƙi shiga. Ka sassauta kaɗan, ta riƙa rawa a gidanta. Stohlman bai tsaya ga ba ka zanen da za ka kwafa ba, ko da yake akwai su birjik. Ya koya maka yadda za ka ninke takarda ka fitar da tsarin kowace irin bindiga da kanka. Wannan ita ce kyautar da ta fi komai, don wanda ya iya fitar da tsarin kuben libarba ya iya fitar da na almakashi da na waya da na wuƙa.

Zancen fatar ma karatu ne mai zaman kansa. Fatar saniya suke amfani da ita, wadda aka jeme da ɓawon itace, irin ta majemar Hermann Oak da ke St. Louis tun 1881. Da awo suke sayar da kaurinta, mai lamba takwas ta kai kimanin milimita uku, kuma wajen nan ake zaɓa wa kube. Irin wannan fata in ta sha ruwa takan yi laushi kamar yumɓu, a danna ta a jikin siffar bindiga da wani santsin ƙashi har kowane lungu ya fito, in ta bushe ta ƙame a haka. Wadda aka jeme da sinadarin masana'anta ba ta karɓar siffa haka, kuma masu sana'ar na gudun ta don kada ta ɓata ƙarfe. Nan ne na yi dariya, domin jimar itacen da suke alfahari da ita 'yar'uwar jimar bagaruwa ce da majemanmu na Kano da Sakkwato suka gada. Fatar jar akuyar Sakkwato ce ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko suna rufe littattafai da ita. Sai dai ita ta yi laushi da yawa ga wannan aiki, ƙirgi ake so. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mai. Mu mun saba shafa wa fata mai don ta yi taushi. Su kuwa a wajen kuben bindiga taushi abin tsoro ne, domin fatar da ta saki jiki tana iya lanƙwashewa ta shiga gaban kunama.

Wannan duniya ce ta Amurka, kuma a can ya kamata a fahimce ta. Gyara na biyu na tsarin mulkinsu, na 1791, shi ya ba su haƙƙin riƙe makami. A 2008 Kotun Ƙolinsu ta ce haƙƙin na kowane mutum ne, a 2022 kuma ta ce ya haɗa da ɗaukar ƙaramar bindiga a wajen gida don kare kai. Jihar Illinois ce ta ƙarshe da ta ba da damar ɗauka a ɓoye, a 2013. Da yake mutane da yawa a ƙarƙashin riga suke ɗauka, kuben ma ya sauya kama. A shekarun 1970 Roy Baker ya fito da wanda suke kira fanke, fata biyu shimfiɗaɗɗu da aka ɗinke su rungume da bindiga, masu lafewa a ƙugu. Bruce Nelson, wani jami'in farin kaya a Kalifoniya, ya tsara wanda ake sawa ta cikin wando, mai suna Summer Special, shagon Milt Sparks ya yaɗa shi: bayan fatar mai kaushi na waje don ya kama tufa, bakin kuma an ƙarfafa shi. Masu son finafinai za su tuna kuben kafaɗa na shirin Miami Vice, wanda kamfanin Galco ya yi.

A nan ne zan faɗi ɗan abin da soyayya ba ta rufe mini ido a kansa ba. Littafin 1962 ɗan zamaninsa ne, zamanin libarba da finafinan kaboyi. Ba za ka ga bindigogin yanzu irin su Glock ba, don sai a shekarun 1980 suka fito. Yawancin salon wancan lokaci ma yakan bar kunama a waje, abin da masu koyar da harbi a yau ba sa yarda da shi. Yanzu kuma wata roba mai tauri da ake kira Kydex ta cinye kasuwa mai yawa, manyan shaguna ma da keke suke ɗinki. To, sai me? Da tsohuwar zuma ake magani. Siffa takan tsufa, amma yadda ake auna fata, a yanka, a huda, a ja zare, yana nan yadda ya bar shi.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kira nake yi a ɗaura bindiga. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Ni ban da bindiga, ba na kuma sha'awar ta. Abin da na ɗebo daga littattafan nan ɗinki ne, kuma na kai shi inda yake da amfani a wurinmu: kuben wuƙar mahauci, maɗaurin sirdin dokin hawan Sallah, hannun gafakar da ya saba tsinkewa a wuri guda.

Kishi ɗaya ne ya ci ni ina karatun. Dukawanmu suna da ilimin da ya kai wannan, a rini da ado ma har sun fi. Amma yana cikin yatsun tsofaffi ne, kuma duk tsohon da aka kai makwanci ya tafi da nasa babin. Ina ma a samu wani Stohlman daga cikinmu, mai haƙurin zama gaban baduku da fensir ya zana yadda babban yatsansa ke danna fata.

Ana gobe Babbar Sallah na gama kuben wuƙa na farko da wannan ɗinki, na kai wa ƙanen kakana, wanda shi kaɗai ya rage a gidanmu yana sana'ar. Ya juya shi, ya shinshina, ya kai shi kusa da idonsa.

"Wa ya koya maka wannan, yaro?"

"Wani Bature ne, Baba, a littafi."

Bai ce uffan ba. Ya ɗauki askarsa ya yanke zare ɗaya a tsakiyar layin, gabana na faɗuwa, sannan ya kama bakin kuben da hannu biyu ya ja da ƙarfinsa. Ɗinkin ko gezau. Ya sake ja. Sai ya ajiye shi a kan cinyarsa ya ce, "Allah ya yi wa hannunsa albarka." Na tashi zan tafi ya kira ni. "Wancan dokin katakon da ka ce yana riƙe fata, kawo mini shafin bayan Sallah mu kai wa kafinta."