Tsokaci a Kan Dabarar Tarihi ta Schaeffer Wajen Jera Taku a Darar Ces

Manufar wannan maƙala ita ce auna dabarar da Jonathan Schaeffer na Kanada ya gabatar a 1983, wadda ya kira dabarar tarihi, domin a ga inda ta yi rawar gani da inda ta gaza.

Da farko, ya kamata mu san dalilin da ya sa kwamfuta ke jera taku. A 1950 Claude Shannon ya ƙiyasta cewa ɗan wasa yana da zaɓi kamar 30 a kowane hali. Ke nan idan kwamfuta za ta hango taku 6, sai ta duba hali miliyan 729. Hanyar bincike ta alfa-bita tana watsar da duk reshen da aka riga aka sami martanin da ya karya shi. Knuth da Moore sun yi nazarinta a 1975: idan kullum takun da ya fi kyau aka fara gwadawa, wannan adadi zai sauko zuwa 53,999. Idan kuwa aka fara da marasa kyau, ribar na iya salwanta baki ɗaya.

To, yaya za a san taku mai kyau tun ba a bincika ba? Ga takun ci abin da sauƙi, watau a fara da cin babban ɗa da ƙarami, alal misali soja ya ci sarauniya. Wahalar tana ga takun da ba na ci ba. Schaeffer ya ce a ajiye jadawali mai gurbi 4,096, watau gidaje 64 na tashi sau gidaje 64 na sauka. Duk takun da ya datse reshe sai a ƙara masa maki, gaba kuma a fara da shi. Lalle wannan hikima ce, domin tana da arha, kuma wasan da kansa ne yake koyar da ita.

Amma fa akwai aibi biyu. Na ɗaya, jadawalin bai san halin da allo yake ciki ba. Takun doki da ya yi amfani a nan yana iya zama ɓarna a can. Wannan ne ya sa Uiterwijk ya kawo dabarar martani a 1992, mai la'akari da takun da abokin karawa ya yi. Na biyu ya fi muni. A alfa-bita zalla, kuskuren jeri lokaci kawai yake ci, ba ya sauya amsa. Amma tun wajen 2005, manhajoji irin su Fruit da Glaurung suka yaɗa al'adar rage zurfin bincike ga takun da ya zo a ƙarshen jeri. Daga nan jeri ya zama hukunci: sadaukarwa mai kyau, wadda ba ta da tarihi, tana iya wucewa ba a gan ta ba.

Saboda haka, duk mai son auna wannan dabara kada ya tsaya ga ƙidayar halin da aka rage dubawa. Wajibi ne ya buga wasanni masu yawa, ya ga ko saurin da aka samu ya biya abin da aka daina gani.