Masu Babur a Asubahin Hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, hawan babur da sassafe wata sana'a ce dabam. Duk yaron da ƙafarsa ta kai ƙasa zai iya tuƙa mashin a watan Afrilu. Amma mutum ya ɗaure kwandunan tumatir a Kura bayan sallar asuba, ya nufi kasuwar 'Yankaba a tsakiyar Janairu, iska na yankar fuska, hazo ya rufe gaba, ya kuma isa kaya ba su zube ba, wannan sai gwani. Ko a Kano, inda aka hana acaɓa a cikin birni tun Janairun 2013, babur bai bar hanya ba: shi ke kai burodi ƙauye, shi ke kai malami makaranta. A Maraɗi da Damagaram kuwa 'yan kabu-kabu na nan suna fita tun duku-duku.

Sanyin da mai babur ke sha ba irin na mai tafiya a ƙasa ba ne. Jiki yakan ɗumama 'yar iskar da ke manne da fata, gudu kuma ya share ta. A lissafin da hukumomin yanayi na Kanada da Amurka ke aiki da shi tun 2001, idan ma'auni ya nuna digiri 10 kana gudun kilomita 60 a awa, fatarka za ta ji kamar digiri 5 ne. Digiri 10 da asuba ba baƙon abu ba ne a Jos, a Kano ma yakan sauko kusa da haka.

Gwani ana gane shi tun daga tayar da inji. Yawancin baburan da ke hannun mutanenmu, su Bajaj Boxer da Jincheng, masu kafireta ne, fetur kuwa ba ya saurin zama tururi idan ƙarfe ya kwana cikin ɗari. Sai ka ga ya buɗe mai, ya ja cok don iska ta ragu mai ya ƙaru, ya taka kik a hankali sau biyu ko uku makulli a kashe, sannan ya kunna ya buga. In ya tashi, ya bar shi a silo yana ɗaure kaya. Baƙin mai ya yi kauri cikin dare, yana buƙatar lokaci kafin ya hau saman inji. Da ƙarar ta daidaita sai ya mayar da cok, don in ya manta fulogi zai yi baƙi, man ma ya ƙone a banza. Sabon shiga kuwa totur zai murɗe har ya tashi unguwa, bayan 'yan watanni bakanike ya ci kuɗinsa a ringi da fistin.

Taya ma tana jin sanyi. Iskar cikinta na raguwa da kusan psi ɗaya duk saukar digiri 5 ko 6, to tayar da mai faci ya auna da azahar ba ita ce ta asuba ba. Shi ya sa tsoffin hannu ke matsa ta kafin su hau, kuma ba sa kwantar da mashin a kwanar farko sai roba ta ɗumama. Ƙurar da iska ke ɗaukowa daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ita kuma tana bi ta soson iya kilina ta toshe shi. Wanda ya san aikinsa yakan cire soson ya wanke, ya matse, ya ɗiga masa baƙin mai kaɗan. Sarƙa ba ya yi mata ambaliyar mai, don mai da ƙura in sun haɗu sukan ci haƙoran ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa.

Sutura ba ta da wuyar bayani. Riguna biyu ko uku marasa kauri, da jaket ɗin gwanjo mai tare iska a sama, sun fi babbar rigar sanyi guda wadda iska ke ratsawa. Ƙafar wando a cusa cikin safa, wuya a naɗe, leɓe da hanci a shafe da basilin ko man kaɗe. Mai kayan gwari yakan zura kwali ko tsohuwar jarida a ƙirji, kada kuma a raina masa: 'yan tseren keke na Faransa sun daɗe suna cusa jarida a riga idan za su gangaro daga kan duwatsu. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ajiye hular kwano saboda hular sanyi. Siririya a ciki, kwano a kai, duka biyun suna shiga. Haka jelar rawani ko mayafi da ke reto kusa da taya, gwani ba ya tashi sai ya duba baya.

"Hajiya, a tattare hijabin nan a zauna a kai tukuna, kada taya ta ja."

"To, ɗan nan, ai sauri nake."

"Za mu isa in Allah ya yarda, Hajiya."

Inda gwanintar ta fi ɓoyuwa shi ne a yatsu. Idan sanyi ya matsa, jiki yakan janye jini daga hannu da ƙafa ya tara shi a ƙirji da ciki. Da zafin fatar yatsa ya sauka ƙasa da digiri 15, aikinta ya fara lalacewa, alhali kuloci da birkin gaba duk a hannun yatsun nan suke. Haɗarin kuma shi ne mutum ba ya sanin ya rasa su sai akuya ta tsallako ya kai hannu birki, hannu ya yi nauyi. Direban kirki ba ya jiran wannan. Yana tafe yana buɗe yatsu yana rufewa. Idan ya ga babban yatsa ya kasa taɓo ƙaramin cikin sauƙi, sai ya gangara gefe, ya ɗora hannu da safarsa a jikin inji, ko ya tsaya wurin mai shayi ya rungumi kofi da tafi biyu kafin ya kurɓa. Minti biyar ɗin nan da fasinja ke gani ɓata lokaci ne, shi birkinsa yake gyarawa. Samarin da ke haɗiyar ƙwaya wai ta kore musu sanyi, ƙararrawar gargaɗin kawai suka kashe, yatsun na nan a sandare.

Sai karatun hanya. Iska mai sanyi nauyi gare ta, cikin dare takan gangara ta taru a kwari, don haka duk wanda ya saba hanya ya san gangaren fadama da bakin gada sun fi ko'ina ɗari, yakan rage gudu tun kafin ya shiga. Ya san iska na shimfiɗa yashi a kan kwalta, musamman a kwana, kuma damƙar birkin gaba a kan yashi faɗuwa ce ba makawa. Yana rage giya tun daga nesa, ya gama birkinsa mashin na tsaye, sannan ya shiga kwanar a hankali. Hazon da kan hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano ba zai ƙyale mai ƙafa biyu ba. Gwani na kunna fitila ko da gari ya waye, ƙaramar wuta ba babba ba, don babbar tana dukan ƙura ta dawo masa ido. Yana ba tirela tazara. In ya hango ganye a zube kan titi ya san mota ce ta lalace a gaba, in ya ga kashin shanu ɗanye ya san garke bai yi nisa ba. Sannu ba ta hana zuwa.

A Jamus akwai taron da ake kira Elefantentreffen, tun 1956 masu babur ke haɗuwa a tsakiyar sanyi su kwana a tanti cikin ƙanƙara. Can har mariƙin babur ake sayarwa mai ɗumama hannu da wutar batir. Abin sha'awa ne, amma su nishaɗi ya fito da su. Namu abincin gida ya fito da shi, da safar hannun gwanjo da kwalin taliya a ƙirji, kuma gobe ma sai ya fito.

Saboda haka idan ka tari mai mashin da asubar hunturun bana, ka ga yana ɗumama inji, ko ya tsaya murza hannu, ko ya ƙi wuce tirela cikin hazo, kada ka ce masa ya taka wuta. Karɓi lambar wayarsa, in ka sauka kuma ka ɗora masa kuɗin shayi.